Lewis Hine, Malamin Makarantar Da Ya Zama Mai Ɗaukar Hoton Ma'aikata

A cikin mutanen da suka yi suna wajen ɗaukar hoton masana'antu a ƙasar Amurka, da wuya a sami wanda labarinsa ya fi dacewa da malaman makaranta kamar Lewis Hine, gama shi ma da alli ya fara. An haife shi a garin Oshkosh cikin jihar Wisconsin ran 26 ga Satumba, 1874. Yana saurayi mahaifinsa ya rasu, tilas ya shiga aikin ƙodago a wata ma'aikatar kujeru, yana aikin sa'a 13 kullum a kan dala 4 a mako. Da ɗan abin da ya tara ya koma neman ilmi, har a 1901 ya sami aikin koyarwa a wata makaranta a birnin New York.

A can ne aka danƙa masa akwatin ɗaukar hoto don taimakon darasi. Tun daga 1904 ya riƙa zuwa tsibirin Ellis, inda baƙi masu ƙaura daga Turai su ke sauka, yana ɗaukar hotunansu. Da ya ga hoto yana koya wa jama'a abin da baki ya kāsa, sai a 1908 ya bar aji, ya kama aiki da wata ƙungiya mai yaƙi da sa yara ƙanana aikin wahala.

Aikin nan ba ƙaramin haɗari gare shi ba, domin masu masaƙu da mahaƙan kwal ba su son a ga abin da ke ciki. Saboda haka wani lokaci ya kan shiga da sunan mai duba kayan kashe gobara, wani lokaci da sunan mai sayar da littattafan addini. Da maɓallan rigarsa ya ke auna tsawon yaro, sa'an nan ya rubuta shekarunsa a ɓoye. Hotunan nan, fiye da 5,000, suna ajiye a ɗakin littattafai na Majalisar Amurka, sun kuwa taimaka wajen farkar da jama'a, har a 1938 aka kafa dokar ƙasa wadda ta tsare yara daga irin wannan aiki.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai ya juya ga manyan ma'aikata. A zamanin nan masu ɗaukar hoto sun fara ganin kyau a jikin inji kansa, watau zoben ƙarfe da bututu da dogayen gine-gine, har waɗansu su kan ɗauki ma'aikata fayau ba mutum ko ɗaya a ciki. Hine ya koyi wannan sabon tsari, amma bai yarda ya fid da mutum ba. Hotonsa da ya fi shahara, na 1920, yana nuna wani bakanike ya sunkuya da ƙaton sifana yana ɗaure noti a jikin injin tururi, lanƙwasar bayansa ta bi kewayen injin daidai. A 1930 kuma aka ɗauke shi ya yi hotunan ginin Empire State mai hawa 102, har a kan sa shi cikin kwando a lilo da shi a sararin sama don ya sami maƙera a bakin aikinsu. Ya tara waɗansu daga cikin hotunan a littafinsa Men at Work a 1932.

Duk da haka ƙarshen ransa cikin talauci ya zo. Aiki ya yanke masa, gidansa ya fita hannunsa, matarsa ta riga shi, shi kuma ya rasu ran 3 ga Nuwamba, 1940. Har babban gidan ajiye zane-zanen zamani na New York aka yi wa tayin kayansa, bai karɓa ba. Sai a 1955 suka sami mazauni a gidan George Eastman da ke Rochester.

To, ga abin mamaki. Hotunan da aka rasa mai karɓa kyauta, yau attajirai masu tara hotuna suna ribibinsu a gwanjo da dubban daloli. Abin da su ke nema shi ne takardar da aka wanke kusa da lokacin da aka ɗauki hoton, a hannun mai shi, domin irin waɗannan kaɗan ne, ba kuwa za su ƙaru ba. Wadda aka wanke daga baya, ko da daga ainihin gilashin ne, kuɗinta bai kama ƙafar waccan ba.

Inda riba ta ke, algus ba ya nisa. A 1999 masana suka bincika waɗansu hotunan Hine da aka sayar da sunan na zamaninsa ne, har da sa hannu. Suka tarar takardar tana da wani sinadari mai ƙara fari, wanda ba a fara sawa cikin takardar hoto ba sai wajen 1950 da 'yan kai, watau bayan mutumin ya daɗe a kabari. Tun daga nan masu saye suka koyi haska takarda da fitila ta musamman kafin su biya.

Mu dai a ganinmu, mai tara hotuna ya yi abin kirki da ya ke tsare takardun nan daga lalacewa. Amma abin da ya ke biya kuɗin takarda ne da shekarunta. Ladan aikin Hine tuni ya fita, ran da yaran masaƙa suka ajiye zare suka ɗauki littafi. Malamin da ya ga ba a yaba aikinsa yau, ya tuna da wannan.