John Cade, Likitan Da Bai Fid Da Rai Ba

Ko kana zaune a Akpakpa, ko a Zongo, ko a wata unguwa ta Kwatano, mai yiwuwa ka san mutum irin wannan. Wani lokaci sai ya tashi da surutu ba dare ba rana, ba ya barci, yana rabar da jarinsa, yana faɗa da kowa. Bayan 'yan watanni kuma sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ba ci, ba magana, har yana fatan mutuwa. Waɗansu sukan ce jifa ne, waɗansu su ce iska, waɗansu kuma su ce ƙarancin bangaskiya. Likitoci suna kiran wannan ciwo baifola, wato ciwon hawa da sauka. Yau za mu duba rayuwar mutumin da ya fara samo masa magani.

An haifi John Cade a shekarar 1912 a jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya. Mahaifinsa likita ne. Bayan ya komo daga yaƙin duniya na ɗaya, sai ya kama aiki a asibitocin masu taɓin hankali, iyalinsa kuwa suna zaune cikin harabar asibitin. Saboda haka John ya tashi yana ganin marasa lafiyan nan kowace rana, bai kuwa koyi jin tsoronsu ba. Ya gama karatun likita a Jami'ar Melbourne a 1934, ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean a 1937. Shi ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙon ibada, bai kuma ga wani saɓani tsakanin addu'a da aikin likita ba.

Sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai ya shiga soja a matsayin likita. A watan Fabrairu 1942 sojojin Japan suka ci birnin Singafo, aka kulle shi a sansanin fursunoni na Changi, shekara uku da rabi. Cikin yunwa da cututtuka ya ga yadda hankalin waɗansu abokansa yake juyawa. Wannan ya sa masa tunani cewa ciwon hankali yana iya samun tushe cikin jiki, kamar sauran cututtuka. In kuwa haka ne, ashe za a iya samun maganinsa.

Da ya koma gida, sai aka tura shi asibitin tsofaffin sojoji na Bundoora, kusa da Melbourne. A can ya tarar da mutanen da suka yi shekaru a kulle, ba mai sa ran fitarsu. Ba shi da kuɗin bincike, ba shi da kayan aiki na kirki. Wani tsohon ɗakin girki ya gyara, ya tara ɓerayen Masar. Zatonsa shi ne, akwai wani abu da yake yin yawa a jikin mai ciwon, yana kuma fita cikin fitsari. Sai ya riƙa tara fitsarin marasa lafiya, yana ajiyewa a firijin gidansa, yana yi wa dabbobin allura da shi. Domin ya narkar da ɗaya daga cikin sinadaran da yake gwadawa, ya haɗa shi da wani gishiri mai suna litiyam. Da ya ba dabbobin litiyam shi kaɗai, sai ya ga sun yi laƙwas, sun daina firgita.

Ka lura da abin da ya yi daga nan. Kafin ya ba kowa, shi da kansa ya fara shan maganin, domin ya ga ko zai cutar da mutum. A watan Maris 1948 ya ba mara lafiya na farko, wani mutum mai shekara 51 wanda ya yi shekara biyar hankalinsa bai kwanta ba. Cikin mako uku mutumin ya natsu. A watan Yuli aka sallame shi, ya koma bakin aikinsa. A watan Satumba 1949 Cade ya buga rahotonsa a mujallar likitocin Ostireliya, inda ya bayyana sauƙin da mutum goma masu wannan ciwo suka samu.

Amma labarin bai ƙare da murna ba. Mutumin nan da ya ga ya warke, sai ya bar shan magani. Bayan kamar wata shida aka komo da shi asibiti, ciwon ya dawo ɗanye. Aka sāke ba shi litiyam, a lokacin kuwa ba a auna yawansa cikin jini. Maganin ya taru a jikinsa har ya zama dafi, ya rasu a watan Mayu 1950. Wannan mutuwa ta girgiza Cade ƙwarai, har ya janye hannu daga maganin da ya gano.

Duk da haka irin da ya shuka bai mutu ba. A nan Melbourne wani masani mai suna Edward Trautner ya nuna yadda za a riƙa auna litiyam cikin jini, a tsaya a ma'aunin da ba ya cutarwa. A ƙasar Danmak, likita Mogens Schou ya gwada maganin a tsanake, ya buga sakamakon a 1954, daga baya kuma aka tabbatar cewa yana hana ciwon dawowa. Amurka ta amince da shi a 1970. Cade ya shugabanci asibitin Royal Park daga 1952 zuwa 1977, ya rayu har ya ga duniya ta karɓi aikinsa. Ya rasu ranar 16 ga Nuwamba 1980. Har yau litiyam yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, bincike kuma ya nuna yana rage haɗarin mutum ya kashe kansa.

To, ɗan'uwa, me za mu ɗauka daga rayuwar wannan likita?

Na farko, ciwo sai an san shi kafin a yi maganinsa. Ba kowane baƙin ciki ne ciwo ba, gama wanda aka yi wa rasuwa dole ya yi makoki. Likita yakan yi zaton ciwon damuwa in mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci sun rikice, ƙarfi ya ƙare, yana ganin kansa ba shi da amfani. A wurinmu sau da yawa mutum yakan zo da kukan ciwon kai, ko zafin jiki, ko faɗuwar gaba, a yi ta ba shi maganin zazzaɓi a banza. Sa'an nan likita zai tambaya ko mutumin ya taɓa yin mako guda yana cike da ƙarfi fiye da kima, ba ya bukatar barci, yana ɓarnar kuɗi. Wannan tambaya tana da nauyi. Magungunan damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine suna taimakon mai damuwa zalla, amma in aka ba mai baifola su kaɗai, suna iya tayar masa da ciwon. Mara lafiya yakan manta da lokacin hawansa, shi ya sa ya kamata wani na gida ya raka shi, ya faɗi abin da ya gani.

Na biyu, magani yana bukatar haƙuri. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga canji. Bayan an sami sauƙi kuma akan ci gaba da sha na watanni. Mai baifola yakan sha nasa shekaru, kamar mai hawan jini. Ka tuna da mutumin Bundoora: ranar da ya ji ya warke ya ajiye magani, ranar ce ya buɗe wa ciwon ƙofa.

Na uku, litiyam ba abin saye a gefen titi ba ne. Mai shansa yana bukatar gwajin jini lokaci lokaci, a duba ƙoda da maƙoƙo. Cikin zafin Kwatano, yawan gumi ko gudawa ko amai suna ƙarar da ruwan jiki, maganin ya yi yawa cikin jini. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma suna ƙara shi. In aka ga rawar hannu mai ƙarfi, ko tangaɗi, ko harshe ya yi nauyi, sai a garzaya asibiti. Inda gwajin ba ya samuwa, likita yana da waɗansu magunguna. Mace mai ciki, ko mai sa ran ɗauka, ta gaya wa likita tun da wuri, gama waɗansunsu, musamman valproate, suna cutar da ɗan tayi.

Taimako kuwa yana kusa da kai. A Kwatano akwai asibitin gwamnati na Jacquot mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A Avrankou, kusa da Porto-Novo, akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille wadda Grégoire Ahongbonon ya kafa, mutumin da aka sani da kwance marasa lafiya daga sarƙa. In ɗan'uwa ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira wayewar gari.

Ya mai karatu, in akwai irin wannan mara lafiya a gidanka ko a ikilisiyarku, kada ka ɗaure shi, kada ka ɗora masa laifin zunubi a kan nauyin da yake ɗauke da shi. Ka yi masa addu'a, ka raka shi wurin likita, ka kuma riƙa tuna masa da maganinsa kowace rana. In kuwa kai ne cikin wannan hali, ka gaya wa wanda ka amince da shi yau ɗin nan. Allah ya ba da sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya.