Marigayi Taiichi Ohno: Injiniyan Toyota Da Ya Ɗauko Darasi Daga Kanti

Duk wanda ya taɓa loda kaya daga Sinnar ko Damazin zuwa Galabat ko Kurmuk ya san motar nan da muke kira boksi, wato Toyota Hilux. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin sunan mutumin da ya tsara yadda ake aiki a masana'antar da ke ƙera ta, alhali har masu rubuta manhajojin kwamfuta da na wayar salula suna cin gajiyar tunaninsa. A yau filin namu zai waiwayi rayuwar wannan mutum, Taiichi Ohno, domin ciwon da ya kwana yana nema wa magani irin namu ne, wato jari ya kwanta cikin kayan da ba su fita ba.

An haifi Ohno ranar 29 ga Fabrairu, 1912 a birnin Daliyan na ƙasar Sin, iyayensa kuwa Japanawa ne. Ya yi karatun injiniya a Nagoya, kuma a 1932 ya kama aiki a kamfanin kaɗi da saƙa na iyalan Toyoda. Ke nan da auduga ya fara, kamar yadda iyayenmu da suka zauna a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira suka fara da tsinkar auduga bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. Mai gidan, Sakichi Toyoda, ya ƙirƙiro injin saƙa wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. A 1929 aka sayar da haƙƙin wannan inji ga kamfanin Platt Brothers na lardin Lankasha a Ingila, lardin da masaƙunsa ke jiran audugar Jazira. Ohno bai taɓa mantawa da darasin wannan inji ba.

A 1943 aka mayar da shi kamfanin motoci. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta talauce, babu kuɗi, babu ƙarfe, kasuwa kuma ƙarama. Abin da ake faɗa a lokacin shi ne, ma'aikaci ɗaya a Amurka yana yin aikin Japanawa tara. Ohno bai yarda cewa Ba'amurke ya fi Bajapane ƙarfi sau tara ba, sai ya ce lallai akwai asarar da ake yi ba a gani. A 1949 zuwa 1950 motoci suka taru ba masu saye, bashi ya yi wa kamfanin katutu, aka nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, har shugaban kamfanin Kiichiro Toyoda ya sauka daga kujerarsa. Daga nan Ohno ya ɗauki ƙera abin da ba a nema ba a matsayin uwar duk wata asara.

Maganin da ya samo, daga ɗan kasuwa ya aro shi. Ya ji labarin manyan kantunan Amurka, inda mai saye yake ɗaukar abin da yake so daga kan kanta, mai kanti kuma ya cike gurbin abin da aka ɗauka kaɗai. A 1953 ya fara gwada wannan a sashensa, a 1956 kuma ya je Amurka ya gani da idonsa. Sai ya mayar da kowane sashe na masana'anta tamkar kanti ga sashen da ke gaba da shi. Mai haɗa mota ya zo ya ɗauki akwatin ƙusoshi, ya bar wani ɗan kati da ake kira kanban, wanda ke nuna irin kayan da adadinsu. Katin nan shi ne izinin ƙera wasu. In babu kati, babu aiki, ko da inji zai wuni a tsaye. Dattawanmu da suka yi aikin hawasha ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin a tsarin Jazira na da, sufeto ne yake tattara buƙatar ruwan gonakin yankinsa ya miƙa wa injiniyoyin ban-ruwa, su kuma su haɗa lissafi har zuwa madatsa, sannan a saki ruwa gwargwadon abin da aka nema.

Don a iya ƙera kaɗan-kaɗan, sai da aka rage lokacin sauya ƙarfen da ke buga jikin mota daga awa biyu ko uku zuwa minti 3 a 1971. An kuma ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layi gaba ɗaya in ya ga aibi. In matsala ta auku, Ohno yakan sa a tambayi dalili har sau biyar, dalilin dalili, sai an tono tushenta.

Ba mutum ne mai sauƙi ba. An san shi da faɗa, kuma yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya sa injiniya ya tsaya a ciki na sa'o'i yana kallon aiki har sai ya gano asarar da ke gabansa. Tsofaffin ma'aikata sun daɗe suna turjewa, musamman da aka ce mutum ɗaya ya kula da inji uku ko huɗu, kuma ba don Eiji Toyoda ya tsaya masa ba da tsarin bai kai labari ba. A 1973 wani ɗan jarida, Satoshi Kamata, wanda ya yi aikin wucin gadi a masana'antar, ya wallafa littafi kan irin gajiyar da ma'aikata ke sha. A shekarar ce kuma rikicin man fetur ya girgiza kamfanoni, Toyota ta fi sauran jurewa, idon duniya ya dawo kanta. Ohno ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1975, ya sauka a 1978, shekarar da littafinsa kan wannan tsari ya fito.

To ina ruwan kwamfuta? A da, masu rubuta manhaja sukan shafe shekara ɗaya ko biyu suna gini kafin mai aiki ya ga komai, in an kawo kuma a tarar buƙatarsa ta sauya. Wannan ai kayan kwantai ne, sai dai ba a ganinsu a sito. A watan Fabrairun 2001 masana 17 suka hadu a Sinobad da ke jihar Yuta a Amurka, suka fitar da ƙa'idojin aiki gaɓa-gaɓa: a gina ɗan yanki cikin 'yan makonni, a nuna wa mai shi, a gyara, a ci gaba. A 2003 Mary da Tom Poppendieck suka wallafa littafin da ya ɗauko nau'o'in asara bakwai na Ohno ya ɗora su kan aikin manhaja, a 2004 kuma David Anderson ya fara gwada dabarar kanban a Microsoft. Yau za ka ga allo da katuna a ofisoshin masu wannan sana'a, ba a ɗaukar sabon kati sai an gama na hannu.

Akwai kuma ginin manhaja hidima-hidima, wanda kamfanin Amazon ya rungume a farkon shekarun 2000. Wannan ba Ohno ne ya ƙirƙiro shi ba, amma jininsu ɗaya. Maimakon ƙatuwar manhaja guda, sai a raba ta kamar kasuwa, inda ɗan canji, mai awo da ɗan dako kowa ke da aikinsa, kuma an san yadda ake kiran kowa. A manhajar aika kuɗi da aka gina haka, wani sashe ne ke tantance mai asusu, wani ya duba abin da ya rage, wani ya tura saƙo. Ana iya gyara ɗaya ba a rufe sauran ba. Mu da cinikinmu ya koma kan waya, irin su Bankak, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mun san darajar wannan.

Sai dai mu faɗi gaskiya, tsarin Ohno yana son hanya a buɗe. Ita kanta Toyota ta tsaya cik a 1997 da gobara ta cinye masana'antar Aisin mai kawo mata wani ɗan ƙarfen birki, haka kuma bayan girgizar ƙasa ta 2011, abin da ya sa ta fara tanadin wasu kayan masu wuyar samu. Ɗan kasuwar Kurmuk da ya san yadda damina ke yanke hanya dole ya cika sito da sukari da mai tun kafin ruwa ya sauka. Kayan yayi kuwa, irin su atamfa da takalma da wayoyi, a nan ne katin Ohno yake da amfani.

Abin mamaki, shi kansa ya kasance mai ɗari-ɗari da barin kwamfuta ta tsara wa masana'anta aiki, ya fi yarda da kati da idon ma'aikaci. Ya rasu a birnin Toyota ranar 28 ga Mayu, 1990 yana da shekara 78, kusan shekara 11 kafin taron Sinobad.