Tarihin Ya'aƙubu Al-Kindi, Masanin Ilmin Kwance Rubutun Sirri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani shahararren malamin Musulunci wanda ya rayu a Bagadaza shekara dubu da ɗari da wani abu da suka wuce. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, a yau dukiyar jama'a da wasiƙunsu da asiransu duk sun koma cikin waya da kwamfuta, ɓarayin intanet kuma ba su barci. Masana a jami'o'i da ma'aikatu sun duƙufa wajen binciken yadda za a tsare mutum da ma'aikata da ƙasa daga wannan fitina. To, littafi mafi tsufa da ya iso hannunmu a kan ilmin kwance rubutun sirri, wanda shi ne tushen wannan bincike, wannan malami ne ya wallafa shi.

Sunansa Abu Yusufa Ya'aƙubu ɗan Is'haƙa Al-Kindi. An haife shi a birnin Kufa na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 185 bayan Hijira, watau 801 ta Miladiyya. Shi ɗan ƙabilar Kinda ne, nasabarsa kuma tana tuƙewa ga Al-Ash'as ɗan Ƙaisu, shugaban Kinda wanda ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya musulunta. Mahaifinsa ya riƙe gwamnan Kufa a zamanin halifofin Abbasawa. Ya yi karatu tun yana yaro, sa'an nan ya tafi Bagadaza, inda ya sami halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, yana kashe dukiya mai yawa don a juyo littattafan Yunanawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Al-Kindi ya shugabanci wani rukuni na masu fassara, yana duba aikinsu yana gyara Larabcinsu. Da Mu'utasim ya hau gadon halifanci, sai ya danƙa masa tarbiyyar ɗansa Ahmadu.

Ilminsa ya yalwata ƙwarai. Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya lissafa masa littattafai fiye da 200, a kan falsafa da lissafi da taurari da magani da ilmin gani, har da ƙirar takubba. Saboda haka ne aka yi masa laƙabi da Failasufin Larabawa.

A wancan zamani daular Musulunci ta miƙe daga arewacin Afirka har iyakar Indiya, wasiƙun halifa da na gwamnoni da sarakunan yaƙi suna tafiyar makonni a hannun 'yan aike. Don kada maƙiyi ya kama wasiƙa ya karanta, sai magatakarda su musanya kowane harafi da wani harafi ko wata alama. Abin ya yi kama da zaurance, sai dai wannan na alƙalami ne. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ba shi da mabuɗin ba zai taɓa gane abin da aka rubuta ba.

Al-Kindi ya nuna ba haka ba ne, a cikin wata risala da ya sa wa suna Istikhrajul Mu'amma, watau fito da abin da aka ɓoye. Tun kafinsa malamai sun ƙidaya ayoyin Alƙur'ani Mai girma da kalmominsa da haruffansa, kuma malaman lugga irin su Halilu ɗan Ahmad sun bincika yadda haruffan Larabci suke haɗuwa. Shi kuwa ya ɗauki wannan ƙidaya ya mai da ita makami. Ya ce a sami dogon rubutu na harshen da aka yi wasiƙar da shi, a ƙirga kowane harafi sau nawa ya fito, a jera su daga mai yawa zuwa maras yawa. Sa'an nan a ƙirga alamomin wasiƙar sirrin haka nan, a gwama jerin biyu. A Larabci alif ne ya fi yawa, lam na biye da shi, don haka alamar da ta fi yawa a wasiƙar mai yiwuwa alif ce. Da a ce da Hausar boko aka rubuta ta, da harafin a ne zai tona asirin, domin babu harafin da ya kai shi yawa a harshenmu. Ya ƙara da cewa a lura da haruffan da ba su taɓa zama kusa da juna, a kuma jarraba kalmomin da aka saba buɗe wasiƙa da su, kamar Bisimilla.

Abin da ya gano, in an taƙaita, shi ne al'ada ita ce ke tona asiri. Mutum yana iya sake kamannin harafi, amma ba ya iya sake halin harshensa da abin da ya saba. Malaman da suka zo bayansa, irin su Ibn Adlan wanda ya rasu a 1268 da Ibn Duraihim, sun faɗaɗa wannan ilmi, Ƙalƙashandi kuma ya shigar da shi cikin babban littafinsa Subhul A'asha wanda ya kammala a 1412. A Turai kuwa sai a ƙarni na 15 aka fara rubutu sosai a kansa.

Ƙarshen rayuwar Al-Kindi ya haɗu da jarraba. A zamanin halifa Mutawakkil, wanda ya hau a 847, 'ya'yan Musa ɗan Shakir, waɗanda su ma masana lissafi ne, suka yi masa hassada suka ɓata shi a fada. Kamar yadda Ibn Abi Usaibi'a ya ruwaito, halifa ya sa aka yi masa bulala, aka kwashe littattafansa duka. Daga baya aka ba su aikin haƙa wata magudanar ruwa, aikin ya sami kuskure, suka nemi wani masani mai suna Sanad ɗan Ali ya rufa musu asiri. Shi kuma ya ƙi sauraronsu sai da suka mayar wa Al-Kindi da littattafansa. Ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 260 bayan Hijira, watau 873.

Mafi yawan littattafansa sun salwanta. Waɗanda suka tsira, sun tsira ne domin an kwafe su an ajiye a wurare dabam dabam, har wasu ba a same su ba sai a fassarar Latin. Risalarsa ta rubutun sirri an same ta ne a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istambul, wasu malamai uku na ƙasar Sham suka tace ta aka buga a Dimashƙu a 1987. A 2015 aka fara wata gasar kwance rubutun sirri ta 'yan makaranta a Faransa, aka sa mata sunansa.

Tsarin sirrin da bankuna da wayoyi suke aiki da shi a yau ya fi ƙarfin ƙidayar haruffa nesa ba kusa ba, kuma ya kai wannan matsayi ne saboda masana sun bi hanyar Al-Kindi: ba a yarda da kulle sai an ba gwanaye sun yi ƙoƙarin ɓalle shi sun kasa. Amma fa al'adar ɗan Adam tana nan yadda ya bar ta. Wanda ya sa shekarar haihuwarsa ko 123456 a matsayin lambar sirri, ko ya yi lamba ɗaya ga banki da wasiƙa da Facebook, ya yi daidai da magatakardan da ke buɗe kowace wasiƙa da kalma guda. Wanda aka buga masa waya aka ce daga banki ne, ya karanta lambar da aka aiko masa, shi ya miƙa mabuɗi da hannunsa. Haka ma ma'aikatu. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a kula ba ne kawai. Waɗanda suka ajiye kwafin takardunsu a wani wuri daban su ne suka fi saurin farfaɗowa.

Sirrin jama'a da dukiyarsu amana ce a hannun ma'aikacin banki da na asibiti da na gwamnati, amana kuwa ba ta tsaruwa da kyakkyawar niyya kaɗai sai an haɗa da ilmi. Don haka muna kira ga iyaye da hukumomi su ƙarfafa wa yaranmu gwiwa su nemi wannan fanni, domin gadon magabatansu ne.

Allah Ya jiƙan Al-Kindi, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.