Sarkin Musulmi Attahiru da Tutarsa

A ƙasar Ingila, alamar sarauta ita ce kambi na zinariya da lu'ulu'u, wanda ake tsaronsa a Hasumiyar Landan, ana fito da shi ranar naɗi ko buɗe majalisa. Mu a daular Sakkwato ba a san kambi ba. Rawani ne da alkyabba da takobi, uwa uba tuta, irin wadda Shehu Usmanu ya ba Abu Hamidu na Alibawa a nan Zurmi. Ƙyalle ce kawai a bisa sanda, amma a ƙarƙashinta aka kashe Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya.

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu. Ya hau mulki a watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Abdurrahman. Bai samu sukuni ba ko kaɗan. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, suka nufo Sakkwato. Shawara ta rabu: wasu na son sulhu, wasu yaƙi, wasu hijira.

Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, bayan ganuwa. Dawaki da masu da kibau ba su iya da bindiga mai ruwa ba, yaƙin bai daɗe ba. Amma masu tsaron tuta suka ƙi gudu. In wannan ya faɗi wancan ya tsaya, har aka gama da su. Waɗannan mutane, da ba mu haddace sunayensu a aji ba, sun cancanci a tuna da su.

Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Lugga. Ya yi gabas da niyyar Makka, manoma da malamai da sarakuna suka bar gidajensu suka bi shi, abin da ya tayar da hankalin Turawa fiye da yaƙin kansa. A bayansa Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Daga wannan zamani ne sandar girma daga hannun Gwamna ta zama shaidar sarauta a ƙasarmu.

A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka kori Turawa a watan Mayu. Suka komo ranar 27 ga Yuli 1903. Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, su ma Turawa suka rasa kwamandansu, Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har yau.

Tutar kuwa, sojojin Turawa suka ɗauke ta daga Burmi. Sai a 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka mayar da ita Sakkwato, hannun Sarkin Musulmi Abubakar na uku.