Berta Sutner, Mace Mai Neman Zaman Lafiya

An haifi Berta a birnin Prag, cikin ƙasar Turai, a shekara ta 1843. Ubanta babban hafsan soja ne, amma ya rasu tun ba a haife ta ba. Ta tashi cikin dangin da ke ɗaukar yaƙi abin alfahari. Tun tana ƙarama ta koyi Jamusanci, da Faransanci, da Ingilishi, da Italiyanci.

Da dukiyar gidansu ta ƙare, sai ta kama aikin koyar da ƴan mata a wani gida na birnin Biyen, a ƙasar Otirishi. A 1876 ta tafi Paris, ta yi aikin sakatariya na ƴan kwanaki wajen Alfred Nobel, mutumin da ya ƙirƙiro nakiyar dinamit. A wannan shekara ta auri Artur Sutner. Iyayensa ba su yarda da auren ba, don haka suka yi ƙaura zuwa yankin Kokas, suka shekara 9 can cikin talauci. A 1877 yaƙi ya ɓarke kusa da su tsakanin Rasha da Turkiyya.

A 1889 Berta ta wallafa littafi mai suna A Ajiye Makamai. Labari ne na wata mata da yaƙi ya raba ta da mazanta biyu. An fassara shi cikin harsuna da yawa. Wasu suka yi mata dariya, suna ganin maganar yaƙi ba ta mata ba ce. Amma ba ta karaya ba. A 1891 ta kafa ƙungiyar zaman lafiya ta Otirishi. Ta yi ta yawo ƙasa ƙasa tana kira ga shugabanni su riƙa kai rigimarsu gaban alƙalai maimakon fagen fama.

A 1905 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ita ce mace ta farko da ta same ta.

Berta ta rasu ran 21 ga Yuni 1914. Bayan mako ɗaya aka kashe yariman Otirishi a Sarayebo, Yaƙin Duniya na Farko ya biyo baya, miliyoyin mutane suka hallaka. Sannan ne da yawa suka gane gaskiyarta. Lalle zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin uban Berta?
2. Don me wasu suka yi mata dariya?
3. Idan abokanka biyu suka yi faɗa, yaya za ka sasanta su?