Abraham Lincoln da Takardar 'Yanta Bayi

An haifi Abraham Lincoln ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a jihar Kentucky ta Amurka. Iyayensa talakawa ne, kuma zamansa a makaranta bai wuce shekara guda ba. Da littattafan aro ya koyar da kansa har ya zama lauya. A 1860 aka zaɓe shi shugaban ƙasa.

Zaɓensa ke da wuya, sai jihohin kudu suka fara ɓallewa saboda batun bauta, yaƙin basasa ya ɓarke a 1861. Ranar 1 ga Janairu, 1863, ya sa hannu a kan takardar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. A 1864 aka buga kwafi 48, ya sa wa kowanne hannu, aka sa musu dala 10 kowanne domin taimakon sojoji marasa lafiya da masu rauni. Yaƙi na ƙarewa aka harbe shi, ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1865.

Kusan rabin takardun nan ne suka tsira. A 2010 an yi gwanjon ɗaya a New York, aka saye ta fiye da dala miliyan 3.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, a gidajenmu na Kambarawa ma ba a rasa tsofaffin wasiƙu na ajami, wasu har da hatimin sarki. Kada mu bar wa gara su, ko mai ƙosai ta naɗe kayanta da su. Mu adana, domin su ne shaidar kakanninmu.