Hans Krebs: Likitan da aka kora daga Jamus, ya gano yadda abinci ke zama ƙarfi

Manomin rani a Kalmalo, da ke ƙaramar hukumar Illela a jihar Sokoto, ya san idan bai sha fura ba fartanya za ta yi masa nauyi kafin azahar. Amma yadda gero ke rikiɗewa ya zama ƙarfin damtse, sai a 1937 aka gano babban sirrinsa, kuma wani ɗan gudun hijira ne ya gano shi.

An haifi Hans Adolf Krebs ranar 25 ga Agustan 1900 a garin Hildesheim na ƙasar Jamus. Mahaifinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Shi ma likitanci ya karanta, sai dai bincike ya fi jan hankalinsa.

Daga 1926 zuwa 1930 ya yi aiki a Berlin ƙarƙashin masani Otto Warburg, inda ya koyi auna iskar oksijin da ɗan yankan nama ke zuƙa. A 1932 ya gano yadda hanta ke haɗa sinadarin yuriya da ake fitarwa a fitsari.

Bai ci moriyar wannan suna ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka sallame shi daga aiki a Freiburg saboda shi Bayahude ne. Ya kwashi na'urorinsa ya tafi Cambridge a Ingila, sannan ya koma Jami'ar Sheffield a 1935.

A can ne shi da ɗalibinsa William Johnson suka riƙa niƙa tsokar ƙirjin tantabara, domin tsokar da tsuntsu ke tashi da ita tana cin iska sosai.

Ga abin da suka gano. Bayan ƙwayar halitta ta farfasa sukarin da ya fito daga abinci, guntunsa yana haɗuwa da wani sinadari da ke jiransa, su zama sinadarin sitirik, irin wanda ke sa lemo tsami. Daga nan a yi ta gutsurarsa mataki-mataki. Ana fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda muke hurarwa waje, ana kuma zare haidurojin, wanda daga baya yake haɗuwa da oksijin ya saki kuzarin da jiki ke aiki da shi.

Abin mamakin shi ne, a ƙarshe sinadarin farko yana dawowa yadda yake, kamar amalanken da ya kai kaya kasuwar Illela ya dawo ɗaukar wani. Shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsa ke isa ya ƙona abinci mai yawa.

Mujallar Nature ta mayar masa da rubutunsa, bisa hujjar cewa wasiƙu sun yi mata yawa, lamarin da masana ke ba da labarinsa har yau. Wata mujalla ta ƙasar Holan, Enzymologia, ita ta buga shi.

A 1953 ya samu kyautar Nobel tare da Fritz Lipmann, wanda ya gano sinadarin da ke shigar da guntun sukarin cikin zagayen. Ɗaliban da ke shirin WAEC sun san wannan zagaye da sunan Krebs, ko da yake yawanci haddace shi kawai suke yi.

Ya koma Jami'ar Oxford a 1954. Ya yi ritaya a 1967, amma ya ci gaba da bincike har rasuwarsa ranar 22 ga Nuwamban 1981, yana da shekara 81.